Mai Hoton da Ya Wuce Soro: Peter Magubane da Iyalin Mandela

Duk wanda ya yi sakandare ko jami'a a Kano cikin shekarun 1980 zai tuna fuskar nan. Tana manne a bangon ɗakunan kwanan ɗalibai, tana jikin rigunan masu yaƙi da wariyar launin fata, wani lokacin ma ka ci karo da ita a wurin masu kalanda na bakin Bata, kusa da hoton Malam Aminu da na Janar Murtala. Mutum ne kakkaura mai cikar kumatu, da tsaga a gashin kansa irin ta 'yan bokon da. Mu dai a zatonmu haka Nelson Mandela yake. Ranar Lahadi 11 ga Fabrairun 1990 da ya fito daga kurkukun Victor Verster, sai ga wani dogon dattijo siriri, furfura ta cinye kansa, riƙe da hannun matarsa. Wani abokina ya daɗe yana kallon hoton a jarida kafin ya yarda shi ne. Yana da shekara 44 aka kama shi, ya fito yana da 71, mu kuwa duk tsawon lokacin fuskar ɗan arba'in muke ɗagawa.

Ba haka kawai abin ya faru ba. Dokar gidajen yari ta Afirka ta Kudu ta 1959 ta hana buga hoton ɗan kurkuku sai da izinin hukuma, wasu dokokin kuma suka hana buga kalaman duk wanda gwamnati ta sa wa takunkumi. Hotunan da aka ɗauki Mandela a tsibirin Robben, inda aka ɗaure shi, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su ma a ziyarar da hukuma ta shirya da kanta aka ɗauke su. Gwamnatin Turawa 'yan tsiraru ta san abin da take yi: mutumin da ba a ganin fuskarsa, ba a jin muryarsa, sannu a hankali zai zama labari, labari kuma yakan tsufa.

To idan aka ɓoye maigida, me ya rage wa idon duniya? Sai gidansa. Matarsa Winnie, 'ya'yansu mata biyu, Zenani da Zindzi, da ɗan ƙaramin gida mai lamba 8115 a unguwar Orlando ta Yamma cikin Soweto. Shi ya sa duk wanda yake da kyamara, kuma aka yarda ya shiga wannan gida, ya ɗauki kayan da ya fi kyamararsa nauyi. Mutum biyu ne suka fi ɗaukar wannan kaya, Peter Magubane da Alf Kumalo, kuma a kan na farkon nake so in fi tsayawa, don shi ne ya biya farashin da ya fi tsada.

An haifi Magubane a Johannesburg cikin 1932, ya tashi a Sophiatown, unguwar da gwamnati ta fara kwashe mutanenta da ƙarfin tsiya a 1955 ta rushe ta, don ba ta son baƙaƙe kusa da Turawa. Da ya je mujallar Drum neman aiki a tsakiyar shekarun 1950, gurbin da ya samu na direba ne da masinja. Ya karɓa. Yana tuƙa 'yan jarida, yana kallon yadda Jürgen Schadeberg, Bajamushen da ke shugabantar sashen hotuna, yake aiki, har aka miƙa masa kyamara. Daga nan bai sake ajiye ta da son ransa ba. Ya ɗauki jerin-gwanon mata kimanin 20,000 da suka yi wa fadar gwamnati a Pretoria tsinke ranar 9 ga Agustan 1956. Ya bi shari'ar cin amanar ƙasa da aka yi wa mutum 156, cikinsu har da Mandela. Ya ɗauki jerin akwatunan gawa bayan kisan Sharpeville na 21 ga Maris 1960, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69. Inda aka hana shiga da kyamara, sai ya rarake cikin burodi ya cusa ta, ya tsaya kamar mai cin abinci yana latsawa. Wani lokacin kwalin madara, wani lokacin littafin Baibul da aka huda cikinsa.

Wannan duk aikin jarida ne, kuma da a nan ya tsaya, da sai a ce jarumin ɗan jarida, a rufe littafi. Abin da ya bambanta shi shi ne ya wuce soro.

Mu a Kano mun san ma'anar wannan. Gidan babban mutum hawa-hawa ne. Akwai wanda iyakarsa ƙofar gida, ya yi gaisuwa ya wuce. Akwai wanda ake shimfiɗa wa tabarma a soro. Akwai wanda yake kaiwa shigifa. Sannan akwai 'yan ƙalilan da ake ce wa "shigo mana, ai kai ɗan gida ne", su ga uwargida ba ado, su ga yara suna kuka, su san ranar da aka ɗora tukunya da ranar da ba a ɗora ba. Mai hoton da iyakarsa soro ba ya samun komai sai abin da aka shirya masa: an sha babbar riga, an kafa hula, an gyara zama. Wanda ya shiga tsakar gida shi ke ganin mutane yadda Allah ya yi su. Sai dai ba a shiga tsakar gida kyauta. Da amana ake shiga, amana kuwa tana buɗe ido, tana kuma ɗaure baki. Duk rikicin da ke cikin wannan batu a nan yake kwance.

Bayan an yanke wa Mandela ɗaurin rai-da-rai ranar 12 ga Yunin 1964, Winnie ta zauna da yara biyu ƙanana, 'yan sandan ciki na sintiri a ƙofarta dare da rana. Mutane da yawa suka ja jiki, kuma ba a ga laifinsu ba, don zuwa gidan kaɗai ya isa a buɗe wa mutum fayil. Magubane yana cikin waɗanda ba su ɗauke ƙafa ba. Da tsakar daren 12 ga Mayun 1969 aka zo aka tafi da Winnie a gaban 'ya'yanta, ɗaya tana shekara 10, ɗaya 8, a ƙarƙashin dokar ta'addanci ta 1967 wadda ta ba 'yan sanda ikon tsare mutum ba lauya, ba kotu, ba ranar fita. A watan Yuni Magubane, wanda a lokacin yake aiki da jaridar Rand Daily Mail, ya je ɗaukar masu zanga-zanga a ƙofar kurkukun Pretoria inda take tsare. Shi ma aka yi ciki da shi. Aka haɗa su cikin mutum 22 aka gurfanar, shari'ar ta wargaje a Fabrairun 1970, aka sake kama su tun kafin su bar harabar kotu, sai a watan Satumba aka sake su. Winnie ta yi kwana 491 a tsare. Kwanakin da aka lissafa wa Magubane a ɗakin kaɗaici sun kai 586.

A tsaya a dubi watan Yulin 1969 kaɗai. Maigida yana tsibiri. Mahaifiyarsa ta rasu shekarar da ta gabata, an hana shi zuwa jana'iza. A cikin wannan wata babban ɗansa Thembi, na wajen matarsa ta fari, ya rasu a haɗarin mota, nan ma aka hana shi. Uwargida tana ɗakin kaɗaici. Mutumin da zai iya ɗaukar hoton halin da gidan yake ciki ya nuna wa duniya, shi ma yana bayan wata ƙofar ƙarfe a birni ɗaya da ita. Ba na jin kama shi kuskure ne ko tsautsayi. Wanda yake so ya rushe gida a ɓoye, dole ya fara da mai shaida.

Da aka saki Magubane sai aka yi masa ɗaurin talala na shekara 5. Ya kamata a fahimci abin da wannan talala take nufi a can, don ta fi wadda muka sani tsanani. Minista ne yake sa hannu, ba alƙali ba, kuma ba ɗaukaka ƙara. Ba ka fita daga gundumar da aka ajiye ka. Ba ka halartar taro, taro kuwa a fassararsu yana iya zama kai da mutum biyu kuna shan shayi. Ba ka shiga ofishin jarida, ba ka shirya komai don bugawa. Sannan ba ka magana da wani wanda shi ma yake kan talala. Ga mai hoton jarida, wannan yanke hannu ne ba tare da an zubar da jini ba. Magubane ya sake komawa hannu a 1971, ya kuma ci wata 6 a kurkuku saboda karya sharuɗɗan.

Abin da ya fi taɓa ni a duk labarin ya faru ne a watan Mayun 1973, kuma babu kyamara a cikinsa. Yaran suna karatu a Swaziland, ƙasar da yanzu ake kira Eswatini, saboda a gida an hana su sakat: duk makarantar da aka sa su sai hukuma ta matsa har a sallame su. Sun zo hutu. Magubane ya kawo su wurin uwarsu a cikin gari don su gana. Ita ma Winnie tana kan talala, sai 'yan sanda suka ce talala biyu sun haɗu. Kotu ta yanke wa Winnie wata 12, da aka ɗaukaka ƙara ya koma 6, ta je ta yi su a kurkukun Kroonstad daga Oktoban 1974. Laifin ke nan: an kai wa uwa 'ya'yanta.

A nan ne ake gane cewa kalmar "mai hoto" ta yi wa mutumin kaɗan. Shekarun da aka hana shi taɓa kyamara su ne shekarun da ya fi zama ɗan gida. Da hotuna ne kawai suka kawo shi, da ranar da aka ƙwace sana'ar ya daina zuwa, don babu abin da zai samu sai ƙarin ɗauri. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, shi kuwa ƙafar tasa ma a ɗaure take amma ya taka.

Akwai kuma wata hanyar da hotuna suka bi wadda ba a cika magana a kanta ba: hanyar shiga kurkuku. Mun saba tunanin hoton ɗan siyasa abu ne da ake yi don jama'a, a buga, a manna. Amma a gidan Mandela akwai hotunan da mutum ɗaya tak aka yi dominsa. A shekarun farko a tsibirin, wasiƙa ɗaya ake ba shi damar aikawa da karɓa a wata 6, kalma 500, ita ma sai gandirobobi sun bi ta da reza sun yanke abin da ba su so. Ziyara ɗaya a wata 6, minti 30, ta bayan gilashi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ba ya zuwa. Zindzi ba ta kai shekara 2 ba aka kama mahaifinta, ba ta samu ziyartarsa a tsibirin ba sai a 1975, shi ma sai da uwarta ta ƙara mata shekaru a takarda. To ta yaya uba zai san 'yarsa ta yi tsawo, ta yi kama da wane, ta fara kitso irin na 'yan mata? Sai ta hoto. Alf Kumalo, wanda ya koya wa kansa sana'ar kuma ya shaƙu da Mandela tun zamanin shari'o'in 1950, shi ya ɗauki wannan a matsayin aikinsa: ya riƙa ɗaukar Winnie da yaran suna girma, ana aikawa tsibiri.

Mandela ya ba da labari daga baya cewa da aka fara barin fursunoni su karɓi hotunan iyalansu, Winnie ta aiko masa da albam. Yana liƙa duk hoton da ya zo a ciki. Ba a jima ba sauran fursunoni suka fara aiko a ara musu. Da yawansu shekaru sun shuɗe ba wanda ya ziyarce su, ba wasiƙa, ba su ga fuskar mace ko ta yaro ba. Albam ɗin ya riƙa yawo ɗaki-ɗaki har ya tsufa, wani lokacin ya dawo an cire hoto ɗaya ko biyu, shi kuma bai hana ba. Ina yawan tunanin mutumin da ya zare hoton 'yar wani ya ɓoye a bargonsa. Ba 'yarsa ba ce, bai taɓa ganinta ba, amma ita ce yarinyar da ta rage masa a duniya. Wanda ya ɗauki hoton a tsakar gida a Soweto bai san zai zama abincin ran mutane da yawa haka ba. A wata wasiƙa ta 1976 Mandela ya gaya wa Winnie cewa hotonta yana ajiye a saman kafaɗarsa ta hagu inda yake rubutu, kullum da safe sai ya goge masa ƙura.

A 1975 talalar Magubane ta ƙare, kamar an sake shi ne don ya riski 16 ga Yunin 1976, ranar da ɗaliban Soweto suka fito zanga-zanga 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Wata 5 kafin nan, a Addis Ababa, Janar Murtala ya tsaya gaban shugabannin Afirka ya yi jawabin nan nasa a kan Angola da gwamnatin wariya, wanda har yau Kanawa ke alfahari da shi, bai kuma rayu ya ga abin da yaran Soweto suka yi ba. Da ɗalibai suka fito, da farko sun hana a ɗauke su, kuma suna da hujja: hoton da zai girgiza mutanen Landan shi ne zai nuna wa ɗan sanda ƙofar gidan uwarka. Magubane ya ce musu gwagwarmayar da ba ta da shaida ba gwagwarmaya ba ce. Suka bar shi. Shahararren hoton Hector Pieterson, yaron da 'yan sanda suka harbe ranar nan, a hannun wani saurayi ba nasa ba ne, na Sam Nzima ne, kuma ana yawan haɗa su. Amma nasa hotunan na waɗannan watanni sun zaga duniya, 'yan sanda kuma suka fasa masa hanci, suka sake tsare shi kwana 123.

A Mayun 1977 gwamnati ta kwashi Winnie da Zindzi da komatsansu ta jibge su a Brandfort, wani ƙaramin gari mai nisan ɗaruruwan kilomita daga Soweto, a gida mai lamba 802, ba ruwan famfo, ba lantarki, cikin mutanen da ba harshensu ɗaya ba. Niyyar ita ce a manta da ita. Sai abin ya juye: masu hoto, cikinsu har da Magubane, suka bi ta can, hoton mace ita kaɗai a bakin waya cikin ƙura ya fi kowace takardar koke ƙarfi. A 1978 aka buga waƙoƙin da Zindzi ta rubuta tana 'yar shekara goma sha, tare da hotunan Magubane a littafi ɗaya. Da jaridar Sunday Post ta Percy Qoboza ta ƙaddamar da kiran a saki Mandela a 1980, kuma jam'iyyar ANC ta su Mandela ta ga amfanin tara gwagwarmayar a kan sunan mutum ɗaya, sai ya zama suna na miji ne, fuska ta mata ce. Ranar 10 ga Fabrairun 1985 Zindzi ta tsaya a filin wasa na Jabulani ta karanta amsar mahaifinta ga tayin sakin da aka yi masa bisa sharaɗi, ya ƙi. Muryarsa ta fito ta bakin 'yarsa, fuskarsa ta fuskar iyalinsa.

Yanzu ga ƙorafin da mai hankali zai iya kawowa, kuma ba na raina shi. Zai ce: ai wannan mun san shi, mawaƙin fada ne aka ba kyamara. Narambaɗa a fadar Isa bai taɓa fitowa ya faɗi aibin ubangidansa ba, kuma ba wanda ya sa ran zai yi. Haka masu hoton gwamnoninmu na yau: ga mai girma yana yanka zare, ga shi ya rungumi maraya, ga shi ya durƙusa gaban malamai. Wanda ya ci tuwon gida ba ya ba da shaida a kan gida.

Rabin wannan magana ban yarda da ita ba. Mawaƙin fada ana ba shi doki, a ba shi riga, a ba shi gona. Mai hoton gwamna yana da ofis da mota da kujera a jirgi. Shi Magubane ubangidan nasa ba shi da ko tabarmar kansa, abin da kusancin ya jawo masa kuwa mun lissafa: ɗakin kaɗaici, talala, karyayyen hanci. A 1985 ma harsasan 'yan sanda suka same shi har sau 17 a wurin jana'izar wani ɗalibi. Ba a yi wa wanda ba shi da abin bayarwa roƙo. Sannan bai taɓa zama mai hoton gida ɗaya ba. Yawancin aikinsa a titi yake, a kan talakawan da ba wanda ya san sunansu: yara masu aikin ƙarfi a gonaki, ma'aikatan ma'adinai, da wata baƙar mai raino tana gyara gashin 'yar Baturiya daga bayan benci, don an rubuta a jikin bencin cewa na Turawa ne kaɗai.

Ɗaya rabin kuwa gaskiya ne, kuma ɗaci gare shi. Hoton da duniya ta san Winnie da shi, wanda masu ƙaunarta da dama suka gina cikin shekara 20, bai shirya kowa ga abin da ya biyo baya ba. Da ta koma Soweto a tsakiyar shekarun 1980 ta tara wasu samari a matsayin ƙungiyar ƙwallo, suka zama 'yan daba masu razana unguwa. A Yulin 1988 ɗaliban Soweto da kansu suka cinna wa gidan Orlando wuta saboda haushin samarin. A ƙarshen Disambar shekarar aka sace wani yaro ɗan shekara 14, Stompie Seipei, aka tsinci gawarsa a Janairu. A Fabrairun 1989 manyan ƙungiyoyin gwagwarmaya na cikin gida suka fito fili suka nesanta kansu da ita. A 1991 kotu ta same ta da laifin satar mutane, daga baya hukumar gaskiya da sasantawa ta ɗora mata alhakin abin da samarin suka aikata. Maƙwabta sun sani tun kafin duniya ta sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu na nesa kuwa rufin kawai muke hangowa a hoto.

Shin wannan ya mai da hotunan farko ƙarya? A'a. Matar da ke bakin waya a Brandfort da gaske an zalunce ta, da gaske ta yi kwana 491 a tsare, kuma ba za a fahimci abin da ta zama ba sai an kalli abin da aka yi mata. Hoton ɗan gida gaskiya yake faɗa, amma gaskiyar da ƙauna ta zaɓa. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, haka ne, sai dai shi ma ba ya fita ya yi shelar duk abin da ya gani a ɗakin makoki. Kuskuren namu ne masu kallo idan muka ɗauki shaidar mutum ɗaya muka yanke hukunci da ita. Ni a ganina hoton amintacce a karɓe shi kamar shaidar ɗan'uwa a gaban alƙali: ya fi kowa sani, a saurare shi da kyau, sannan a kira maƙwabci.

Da ranar fita ta matso, duniya ba ta san fuskar da za ta tara ba, har wasu mujallu suka sa masu zane su ƙiyasta yadda tsufa ya mai da shi. Sai ana jajibirin sakin gwamnati ta fitar da hotonsa tsaye da Shugaba de Klerk. Manyan masu hoto na duniya suka cika ƙasar, kowa yana neman kusanci. Mandela ya zaɓi Magubane ya zama mai hotonsa, ya riƙe aikin har zaɓen 1994. Ba sai an gaya wa Bakano nauyin wannan ba. Mutum ya yi shekara 27 ba ya gida, ya dawo, ya dubi wanda ya riƙa shiga gidansa a bayansa, ya ce kai nake so a kusa da ni. Babu lambar yabon da ta kai wannan, kuma Magubane ya samu lambobi da yawa.

Shekarun ba su zo da sauƙi ba. Aikin fasa farar ƙasa a tsibirin, shekara 13 cikin ƙyallin rana, wanda sai da aka yi shekara 3 ana roƙo kafin a ba su tabarau, ya lalata idanun Mandela, har aka riƙa roƙon masu hoto kada su haska masa walƙiyar kyamara. Mutumin da aka hana duniya ganin fuskarsa ya fito da idon da ba ya jure hasken masu son ganinta. A Afrilun 1992 ya zauna gaban 'yan jarida ya sanar da rabuwarsa da Winnie, auren ya mutu a kotu a 1996. Gidan da Magubane ya sha ɗauri dominsa ya rabe biyu a gabansa. A 1992 ɗin kuma aka kashe ɗan Magubane a Soweto cikin rikicin da ya cinye dubban mutane kafin zaɓe. Bayan 1994 ya juya kyamararsa ga al'adun ƙabilun ƙasar, bukukuwa da ado da kaciya da aure. Kumalo ya buɗe makarantar koyar da hoto kyauta ga yaran talakawa a Diepkloof cikin 2002, ya rasu a 2012. Magubane ya rasu ranar 1 ga Janairun 2024 yana da shekara 91.

Abin da ya sa na ɗauko wannan labari daga nesa shi ne wani abu da ke damuna a nan gida. Mun san sunan Magubane, mun san na Kumalo, mun san Eli Weinberg ne ya ɗauki Mandela da dutsen ado a wuya lokacin da yake ɓoye. Mu fa? Kullum hotunan Malam Aminu da na Sardauna da na Murtala da na hawan Sallar Sarki Ado suna yawo a Facebook da WhatsApp, kowa ya manna sunan shafinsa a kai, ba mai cewa ga wanda ya ɗauka. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a shekarun 1950, matansu sun riƙe gidaje, 'ya'yansu sun girma ba uba a kusa. Wani ya tsaya da kyamara a wasu daga cikin waɗannan wurare. Wani ya wuce soron gidan Malam a Gwammaja, wanda yanzu ya zama cibiyar Mambayya, ya gan shi zaune cikin iyalinsa. Waɗannan mutane suna da sunaye, suna da 'ya'ya a garin nan.

Bara na bi sawun wani tsohon mai hoto a Fagge da aka ce min ya yi yawo da 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu. Na tarar ya shekara 3 da rasuwa. Ɗansa ya karɓe ni hannu biyu, ya ce, "Malam, ai kayan Baba suna nan, ba wanda ya taɓa tambaya." Ya jawo wani akwatin ƙarfe daga lungun soro. Damina ta sha shiga cikinsa, yawancin fina-finan sun manne sun zama dunƙule ɗaya, gara ta ci ambulan ɗin da aka yi rubutu a kansu. Na samu guda ɗaya da ya rabu, na ɗaga shi saitin hasken ƙofa. Maza ne biyar a zaune kan tabarma a wata tsakar gida, na tsakiya ya cire hula ya ɗora a gwiwa, wata yarinya ta jingina da kafaɗarsa tana wasa da carbinsa. Na tambayi ɗan ko ya san su. Ya karɓa ya duba, ya juya shi, ya sake dubawa, ya ce Baba ne kaɗai ya san su.